Hular Kwanon Hambali

Hambali ya turo murya ta waya
ranar da Inna ke sussukar gero a bayan gida.
Ya ce ɗan sanda ya tare shi a wani shataletale,
bai nemi takarda ba, bai dubi taya ba,
kansa kawai ya zagaya
kamar mai taya rago a kasuwar Gujungu,
yana ƙirga: goshi babu, ƙeya babu,
dama babu, hagu babu.
Tara.
Ladan kwana biyu na kai wa mutane abinci ƙofa-ƙofa
cikin sanyin da ke cizon yatsu.

Muka yi dariya har Inna ta jingine taɓarya.
Ta ce, wace irin ƙasa ce wannan
da ake cin mutum tara don kansa ba ya haske?
Ku ce masa ya riƙa shafa man shanu.

Sitika huɗu, in ji shi,
kowacce ba ta wuce kwalin ashana ba.
Da rana ba kowa ba ce.
Sai dare ya yi, fitilar mota ta mare ta,
sannan take buɗe ido.

Da ya sayi sabuwa ya aiko mana tsohuwar
a jakar wani ɗan Taura mai dawowa gida.
Na gwada ta sau ɗaya, gumi ya cika min kunne,
na rataye ta a ƙusar zaure.
Zanzaro ya fara gini a ciki.
Yara suka sauke ta suna wasan 'yan sama jannati.
Kaza ma ta leƙa, ta ga ba ta yi mata ba.

Sai daren da Mati ya taso daga kasuwa,
buhun riɗi biyu a bayansa,
fitilar baya ta mutu tun daminar bara,
yana cewa gobe, gobe zan kai wa Ɗanliti ya duba.
Direban tirelar ya durƙusa a gefen kwalta,
hannu biyu a ka,
yana ta maimaita abu ɗaya:
wallahi ban gan shi ba,
wallahi ban gan shi ba.
Na so in shaƙe shi.
Abin da ya hana ni, na san gaskiya yake faɗa.

Riɗin ya kwana uku a kan titi.
Kurciyoyi suka yi ta sauka.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare.
Ban yi musu ba, ba zan yi ba.
Amma na ga shi ma da magariba
yana tura akuyarsa turke, yana jan igiyar sau biyu.

Daren sadakar uku na shiga zaure neman tabarma,
tocila a hannu.
Wani abu ya dube ni daga bango,
fari fat, ba ya ƙiftawa.
Na tsaya har batir ya fara rauni.

Yanzu ni ne abin dariyar tasha.
In na iso sai su ce ga Bature,
ga tukunyar tuwo ta hau babur.
Gumin yana nan, bai ragu ba.
Sai dai jiya wajen kwanar Majiya
wata mota ta rage gudu tun daga nesa,
ta kauce min kamar ta san sunana.

Hambali, in ka ji wannan saƙon,
kar ka aiko shadda bana, ta bara ba ta tsufa ba.
Ka tambayar min nawa ake sayar da sitikar.
Huluna kuma mu ji da su a nan,
ko a hular saƙa ce za mu manna.
Mu goma sha bakwai ne a tashar,
huɗu-huɗu, sittin da takwas.

A'a, tsaya.
Sittin da huɗu.
Har yanzu bakina da Mati yake ƙirga.